Ƙwaurina Ya Yi Magana

A Iten, tun zakara bai rufe baki ba
muke fita, mu arba'in, numfashi yana tururi,
jar ƙasa a ƙarƙashinmu, kwarin Kerio a gefe
cike da gajimare kamar ƙwaryar madara.

Da fari ɗan tsiko ne, kamar ƙaya a cikin safa,
a ƙwaurin hagu, taƙi guda sama da idon sawu.
In jiki ya ɗumama sai ya yi tsit.
Na ce ya tafi.
Ashe laɓewa ya yi.

Gasar Eldoret saura mako bakwai,
kuɗin makarantar ƙanena yana can bayan layin ƙarshe.
Na ƙara kilomita talatin a mako ɗaya
da takalmin da Jeptanui ta gama yayinsa ta ba ni,
dunduniyarsa ta cinye gefe guda
kamar haƙorin tsohuwar saniya.

Sai ciwon ya daina jiran hanya.
Ya biyo ni ɗaki, ya hau gado tare da ni.

Tsoho Kimurgor mai tausa, bayan shagon shayi,
ya bi ƙashin da babban yatsa, sannu, kamar mai zaɓen wake.
"Nuna min wurin, Jebiwot."
Na ɗora yatsa ɗaya.
"Yi tsalle a kanta." Na yi rabi, na dafe bango.
Ya ce, "Wanda ya bazu kamar tafin hannu
sau da yawa hutu da ƙanƙara kan lallashe shi.
Wanda yatsa ɗaya ke rufewa
ba na taɓa shi da mai. Tafi asibiti."

A hoton, wani layi siriri kamar gashi.
Likitar ba ta daɗe a kansa ba, ni ta kalla:
"Me kike ci? Yaushe rabonki da al'ada?"
Na sunkuyar da kai. Wata huɗu.
Na ɗauka alamar ƙwazo ce.
Ta ce, "Jikin da aka hana abinci
ƙashinsa yake ci."

Mako takwas.
Ina jin sawunsu da asuba suna wuce ƙofata
kamar ruwan sama a rufin maƙwabci.
Na ci tuwon masara da ganye har na ji kunya,
na sha nonon gora mai ƙanshin gawayi.
Da ƙashi ya yarda, na hau aron keke,
na tsaya bakin matakala ina ɗaga dunduniya,
sha biyar, hutu, sha biyar.
Kimurgor yana ƙirga min, wandonsa a naɗe,
tabon agararsa a fili, dogo kamar kwanciyar tsaka.
"Tawa ta yi min raɗa wata uku," in ji shi,
"ranar da ta yi ihu, har na bayana ya ji."

Gasar ta wuce ba ni.
Inna ta sayar da karsana, ba ta ce komai ba,
wannan shirun ya fi ƙwaurin zafi.

Na dawo a kan ciyawa:
minti ɗaya gudu, minti biyu tafiya,
yara 'yan makaranta suna wuce ni suna dariya.
Ƙari kaɗan kowane mako, kamar gishiri a miya.
Kwana mai wuya, kwana mai sauƙi, Lahadi babu.
Takalmi kuwa, yanzu nakan juya shi in duba
kafin ya juya ni.

Jiya, a hawan da ke bayan coci,
na ga wata sabuwa tana sauke ƙafar dama a hankali,
tana murmushi don kada a gane.
Na rage sauri har kafaɗunmu suka daidaita.
Na ce, "Nuna min wurin."
Ta ɗaga yatsa ɗaya.