Sunan da Ya Fi Ciwon Tsawo

A asibitin Marwa, ranar Talata,
likita ta matso da fitila kusa da leɓena.
Ta danna gilashi a kumatuna, jan ya gudu,
ta ɗaga, ya dawo mazauninsa.
Ta gyaɗa kai kamar wadda ta shaida baƙo.

Kalma ɗaya ta rubuta.
Kubura 'yata, da ta yi nisa a boko,
ta karanta mini a bakin ƙofa, gaɓa-gaɓa,
kamar mai taka duwatsu a tsakiyar rafi:
te-lan-ji-yek-ta-zi.
Na ce, duk wannan nawa ne ni kaɗai?

Shekara hamsin ina ce masa haɓo.
Mahaifina ya ce zafin rana ne,
ya toshe hanci da auduga, ya koma majema.
Kakata kuwa ta rantse gizo-gizo ne
ya bi ta fuskarta tana barci, ya bar sawu.

Likita ta ce ƙananan hanyoyin jini ne,
waɗanda ba su kai kaurin zare ba,
suka buɗe, suka manta yadda ake tsukewa.

Wannan kam na gane.
Na ga Kaliyawo shekarar da ya ci gaɓarsa,
ya haɗiye lambun Bappa Sali har da rijiya.
Ruwa ya janye, rani ya zo,
faɗin bai janye ba.
Yau yara ke buga ƙwallo a inda albasa ta kwana.

Ni baduku ne, na san fata.
Inda basilla ta bi sau ɗari
ramin ba ya sake rufe baki.
Na rina fatar akuya da karan dafi tun ina yaro,
ban taɓa samun ja irin wannan ba,
da aka zuba mini daga ciki, ba ko sisi.

Bayan magariba na hango Kubura a zaure
da fasasshen madubin babur a hannu,
ta juya leɓenta tana dubawa.
Baba, ta ce, ga ɗigo ɗaya.

Ban amsa ba.
Na yanko fata mai laushi,
na ɗinka wa takardar gida.
Ba laya ba ce.
Na dai ajiye mata sunan ne,
kada ita ma ta yi shekara hamsin
tana ɗora wa rana laifi.