Naira Arba'in

Tun ban kai tsayin sikeli ba
nake riƙe wa Inna lissafi a Farin Gada:
buhun dankali nawa aka sauke daga Bokkos,
kabeji nawa ya lalace kafin azahar,
wa ya biya, wa ya ce sai Laraba.
Ita tana riƙewa a ka, ni a bayan kwali.
In muka saɓa, nata ne daidai.

Na gama babbar difloma, na yi bautar ƙasa,
na ɗauka an iso. Ashe ƙofar gari ce.
Jarrabawar ƙungiya hawa-hawa take
kamar duwatsun Shere,
ka hau wannan, wani ya leƙo.
Takardar haraji sau biyu tana kayar da ni.
A na biyun ban gaya wa kowa ba,
na sayi gasasshiyar masara a Taminus,
na ci a tsaye
ina kallon motocin Bukuru suna cika.

A ofishin Madam Chundung na koyi aiki,
hawa na biyu, taga ba ta rufuwa,
sanyin Agusta har cikin yatsu.
Wata Alhamis littafin kamfanin bulo
ya ƙi daidaita, saura naira arba'in.
Na zaro hamsin a jakata, na ce a rufe.
Ta dube ni ta saman tabarau:
"Barira, mayar da kuɗinki.
Ramin da suka bi muke nema."
Sai tara na dare na gano shi,
rasit biyu, lamba ɗaya,
kuma a bayan arba'in ɗin nan
tirelar siminti guda ta yi ɓatan dabo.

Sagiru ya riga ni gamawa da shekara uku.
Kansa na ja, shi ya koya min
yadda injin niƙa ke tsufa a takarda.
Abuja ta kira shi, ya amsa.
Wata rana aka kawo masa fayil tare da shayi,
aka ce an riga an duba, hannunka kawai.
Ya sa.
Kwamitin ladabtarwa ba ya ɗaga murya.
Suka zauna, suka karanta,
suka tambaye shi ko sa hannunsa ne,
suka zare sunansa daga rajista
kamar zare daga bakin zani.
Bara na gan shi a Gangare
yana cike wa mutane fom a inuwar shago.
Ya gaishe ni, ya tambayi Inna.
Ba mu ɗauko zancen ba.

Sauran 'yan ajinmu sun watsu,
biyu a banki, ɗaya a baitulmalin jiha,
Nanret na koyarwa,
Habu na bin masu shaguna da takardar haraji,
ba mai gayyatar sa suna.

Ni hatimina na cikin durowa,
bai kai murfin kwalba nauyi ba.
Duk shekara ina biyan kuɗin sabuntawa,
ina zaman ƙarin ilimi, wani lokaci har da gyangyaɗi.
Amma in na ɗauko shi zan buga,
hannuna kan tsaya a sama kaɗan,
in sake komawa shafi na farko.

Inna har yau ba ta gane aikin ba.
Ta ce, "Wato biyan ki ake
ki ce ba a yi sata ba?"
Na ce, "Ko in ce an yi."
Ta yi shiru, tana ɓare albasa.
Can ta ce, "To zo ki duba min,
Ɗanliti ya rantse ya biya na Laraba."

Na ajiye jaka,
na nemo bayan kwali.