Ƙarar da Na Ƙi Saurara

Shekara tara ina riga ladan tashi.
Da an sallame asuba sai titi:
daga Tudun Wada in gangara gada,
in gaida kogi, in zagayo Barnawa,
in iso Panteka sharkaf da gumi
kafin Inusa mai shayi ya fasa ƙwan farko.

Makanike ne ni.
Na sha yi wa masu mota faɗa:
"Mako uku kana jin ƙara, sai yau ka zo?"
To, tawa ƙarar da damina ta soma.
Wani ɗan ƙas a matsematsin dama
in na ɗaga ƙafa zan tsallake kwata,
sai kuma suka, kamar an mance ƙusa a ciki.
Na ce gajiya ce.
Na ce sanyin ruwan sama ne.
Na shafa man zafi, na haɗiyi ƙwaya biyu,
na ƙara wa hanya tsawo.

Maɗori a Rigasa ya ce targaɗe ne,
ya ja ƙafar har na ga taurari da rana tsaka.
Hoton ƙashi ya fito fes, ba karaya, ba tsagewa.
Amma zama a benci ya gagara,
ɗaura takalmi ya zama aiki,
zaman tahiya ma sai na karkace.

Dakta Asabe ba ta fara da hoto ba.
Ta ce, "Nuna min wurin."
Na kama kwatangwalo, babban yatsa a baya, sauran a gaba,
kamar mai riƙe da bakin ƙwarya.
Ta gyaɗa kai.
Ta kwantar da ni, ta naɗo gwiwa wajen ƙirji,
ta murɗa ta ciki, kaɗan kawai.
Salatin da na saki, har masu jiran layi sun ji.

Sai wancan inji mai kama da bututu.
Minti arba'in ina kwance ba motsi,
yana bugu kamar maƙeran layinmu.
Ya cinye adashina kaf.

Ta ɗaga hoton, ta nuna da bakin biro:
"Ga kan ƙashin cinya, ga kwarmin da yake zaune.
Wannan siririn guringuntsi da ya kewaye baki,
shi ne ya yage. Nan."
Na ce, "Ashe roba ce ta ci, Dakta."
Ta yi murmushi.
"Sai dai irinta ba a sayarwa a Panteka.
Ba maganar wuƙa tukuna. Wata uku ba gudu.
In bai lafa ba akwai allura,
in ita ma ta gaza, sai mu zauna mu yi zancen aiki."

Wata uku!
Tseren ƙarshen shekara ya wuce ni a bakin titi
ina miƙa ledar ruwa
ga yaran da ni na koya wa jan numfashi.

Yanzu Kambai mai gashin ƙashi ne ubangidana.
Ya ɗaure min gwiwoyi da roba,
in riƙa tafiya a kaikaice kamar ƙaguwa.
Ya ce in kwanta gefe in ɗaga ƙafa sau goma sha biyar.
Ni da na ci kilomita arba'in da biyu,
a na takwas cinyata ke karkarwa.
Ya ce naman da ke riƙe ƙugu na bari ya yi barci,
gaɓa ta ɗauki kayan da ba nata ba.
Da furfura uku a gemu na koyi ninƙaya.

Jiya ya ba ni minti biyar.
Sassarfa, a kan ciyawa, ba kwalta ba.
Ban kalli agogo ba, kunne na kasa.
Shiru.
Na tsaya a na biyar ɗin, ƙafata tana roƙon na shida.

Da hantsi wani ya turo tsohuwar Golf,
ya ce tun ƙaramar salla take wani kuka.
Faɗan ya zo min har leɓe.
Na goge hannu da tsumma,
na ce, "Nuna min wurin."