Koren Kati

Ni ne mai danna maɓallin babban lilo
a filin wasan da ke bayan Tumfure.
Shekara shida ina ɗaga mutane sama,
ina sauke su inda na ɗauke su.

A da, Talata ranar hutun ƙarfe ce.
In shafa wa gaɓoɓinsa giris,
mu baje dara ni da Yila mai gadi
har la'asar ta yi sakaliya.

Sai manaja ya dawo daga tafiya da dabara:
kati kore, da hotonka a jiki,
biya ɗaya, shiga har shekara ta zagayo.
Ƙofarka daban, layinka daban,
gugguru rabin kuɗi,
ga rumfa mai fanka biyu.

Yanzu babu Talata.
Ana tashi makaranta direbobi ke zube su,
jakunkuna a baya, safa ta yi duƙun-duƙun.
Iyaye sun buga lissafi,
kati ya fi mai raino araha.
Inna Gaji mai awara tana juya mai tana mita:
"Taro ya yi taro, kowa da kularsa daga gida.
Ga ƙoshi ga kwanan yunwa."

Akwai Affan, ɗan aji biyar.
Na daina ƙirga hawansa a ɗari biyu.
Ya san inda ƙarfe zai yi ƙara,
har yakan riga shi da baki.
A ƙololuwa, inda manya ke salati,
shi waya yake latsawa.

Washegarin Sallah layi ya kai bakin kwalta.
Dokar manaja: kore goma, takarda biyu.
Tun hantsi nake ganin wani mutumin Deba
da 'yarsa, Lantana ya kira ta,
takalminta sabo a hannu don yana cizo,
tikiti ya jiƙe da gumi a ɗaya hannun.
Sau shida Affan ya wuce ta gabansu.
"Baba, su me suka yi?"
"Sun riga mu biya."
"Ai mun riga su zuwa."
Ya gyara hula bai ce komai ba.

Dab da magariba man janareta ya ja baya.
Zagayen ƙarshe, in ji manaja.
Kujera ɗaya ta rage, kusa da Affan,
da kore huɗu suna miƙo wuya.
Na yi kamar ƙwaro ya faɗa mini a ido,
na karɓi jiƙaƙƙiyar takarda.

Lilo ya tashi.
Ihun da ta kurma,
rabona da irinsa tun kafin a buga katin.
Tana nuni da takalmi:
"Ga motoci kamar kiyashi!
Ga masallaci a tafin hannuna!
Baba, ga hanyar gida, wallahi ga ta!"
Affan ya ɗago kai.
Ya dubi inda take nunawa, ya dube ta,
ya sake duban wajen.

Zagaye biyar ne ƙa'ida.
Na bar su suka yi tara,
har janareta ya yi tari ya shiru,
muka sauko da su da hannu ni da Yila.
An zabge mini dubu biyu a albashi.

Ranar Talata ya zo shi kaɗai,
ya ba ni ajiyar wayarsa,
ya zaɓi kujerar da ta zauna.
Ya hau sau uku, yana leƙe ta ko'ina.
Da ya sauko ya tsaya a gabana:
"Kawu, me ta gani?
Ni rufin kwano kawai nake gani."

Na juya katinsa, na karanta bayansa,
duk abin da aka yi masa alkawari yana nan,
har da gugguru.
Na miƙa masa wayarsa.
Na bayansa sun fara buga ƙafa,
na danna maɓalli.