Yadin da Ban Yanke Ba

Shagona yana tsakiyar tudu a Valparaiso,
inda gidaje ke hawa kafaɗar juna don su leƙa teku.
Shekara talatin ina auna mutane.
Baki yana ƙarya, madubi yana lallashi,
tef ɗin awo ne kaɗai bai san kunya ba.

Baldomero direban bas ne.
Ya shigo mini da wando a hammata,
kumatu sun zabge, ido ya faɗa,
yana murmushin wanda ya ci caca.
"Fresia, rage mini. Kwana ashirin, miyar kabeji zalla!"
Santimita ɗari da sha biyu ta koma ɗari da biyar.
Na rage, amma ban yanke yadin ba,
na naɗe shi ciki da zare mai sauƙin farkewa.

Kafin ruwan sanyin Yuli ya ɗauke ya dawo,
ya ajiye wandon kamar mai biyan bashi.
Na farke. Ba wanda ya ce uffan.

Sai shekarar lemon tsami da ruwan ɗumi.
Sai ta nama, nama da safe, nama da dare,
burodi ya zama abokin gaba,
har Eliana matarsa ta koma cin nata a bayan ƙofa.
Sai wani gari a gwangwani da surukinsa ya tallata masa,
kuɗin taya guda, ɗanɗanon alli.
Sai ɗamarar roba mai matso zufa,
ya ɗaura yana tuƙi, saura ƙiris ya suma a mararraba.
Sau bakwai na rage, sau bakwai na saki.
Bayan wandon duk sawun allura ne,
kamar turbar tururuwa.
Teɓa kuwa ta san gida,
unguwa take zuwa, ba ƙaura ba.

Abin da ya zo daga baya ba shi da suna,
ba wanda ya sayar masa.
Akwatin ƙarfen nan da igiya ke ja,
mai hawa da mu unguwa daga bakin ruwa,
shi ne ya lalace, aka ce gyara sai Allah ya yi.
Matakala ɗari da sittin da biyu.
Ranar farko na hango shi ta taga
zaune a ta arba'in, dafe da gwiwa,
yana tsine wa hukuma har kakanninta.
Ya hau washegari. Ya hau wanshekaren washegari.
Ba don yana so ba:
gadonsa yana sama.

Wanda zai hau tudu ba ya cika ciki da soyayye a tasha.
Lemon kwalba ya koma na Lahadi.
Burodi ya dawo tebur, guda ɗaya, su raba.
Wake, tumatir da albasa, kifin da ya kwana a teku.
Gajiya kan kai shi barci kafin sha ɗaya.
Ranar biki ya ci har ya sassauta bel,
Litinin ya koma matakalarsa, bai yi rantsuwa ba.

Wata goma sha huɗu ban ga wandonsa ba.
Da ya zo, "Yana zamewa," kawai ya ce.
Ɗari da bakwai.
Kabeji ya fi haka a kwana ashirin.
Na rage, na naɗe kamar kullum,
na zauna jiran Yuli.

Yuli biyu suka wuce.
Aljihu ne ya kawo shi, ya yage.
Na zagaya tef ba tare da ya nema ba:
ɗari da biyar, kumatu a cike, ido a wurinsa.
An gyara akwatin tuni,
amma shi yana nan kan ƙafa,
yana tsayawa a ta arba'in, wai don ya ƙirga jirage.

Ni da na tsufa da allura a hannu
na san yau da gobe tana sa ta ginin rijiya,
ban dai taɓa ganin ramin da idona ba.

Daren nan na juya wandon,
na ɗauki almakashi.
Ƙyallen yana nan a aljihun keken ɗinki,
da shi nake goge tabarau.