Bangon Fadarmu

Tun la'asar nake wanke buroshi da kananzir,
ja ya ƙi fita daga ƙarƙashin farcena.
Yau na rubuta "Barka da Sabuwar Shekara" sau goma sha ɗaya:
a butikin Alhaji Kanta, a gidan aski,
a gilashin wata mota mai zuwa Matamai.
Mutum biyu suka biya.
Sauran sun ce sai baɗi,
suna dariya, don baɗi gobe ce.

Fadarmu tana can bayan kasuwar Dole:
benci biyu, tabarmar da garwashi ya huda,
da bangon da na jera sunayenmu shekara shida ke nan.
Kowane ƙarshen Disamba nakan bi su da sabon fenti,
kamar yadda ake yi wa ɗaki yaɓe kafin damina.

Tsahiru mai foto ya riga kowa.
Bukin aure arba'in ya ɗauka bana,
babu hoto ɗaya da fuskarsa a ciki.
Barira ta rufe keken ɗinki ƙarfe tara,
zare na bin mayafinta har nan,
ta dire kwanon dambu, ta ɗaga yatsa:
"Wanda ya tambaye ni rigarsa, ba ya ci."
Mutari yana gyara layi guda na wasan kwaikwayon nan
da yake cewa za a nuna
tun muna da suma a ka.
Ɗan Jimo na fifita gawayi,
yana ɗaga buta sama, shayi na sauka siriri
kamar ruwan famfon unguwarmu, ranar da ya ga dama.

Suna bakwai ne a bangon.
Shida na sheƙi, shuɗi shar.
Na bakwai na bari yadda rana ta cinye shi.
Jaka goma sha biyar ce tsakanina da Sahabi,
kuɗin allon shagonsa na gyaran waya.
Tun azumi, in mun haɗu a hanya,
kowa sai ya ga wani abu a wayarsa.
Ba wanda ya tambaye ni.
Ɗan Jimo dai ya wanke kofi bakwai.

Sha ɗaya da rabi kuran ya ɗauke.
Zango gaba ɗaya ta yi tsaki lokaci guda.
Muka zauna, murya ba fuska,
Mutari na karanta layinsa ga duhu,
duhu ma bai tafa ba.

Sai ga fitilar moto ta shigo lungu,
ta tsaya, ba a kashe inji ba.
Hasken ya tsallake mu, ya faɗa kan bango.
Ya daɗe yana kallo.
"Fenti ne ya ƙare?" in ji shi.
Na ce, "Kuɗin fentin ne."
Barira ta ƙware da dambu,
Tsahiru na bubbuga mata baya yana hawayen dariya.

Shi ya riƙe gwangwani.
Hannuna, da ya ja layi a kan tsani bai karkace ba,
ya yi rawa a harafin farko.
Ina kan na huɗu garin ya tsage:
'yan kabu-kabu na odar, yara na dukan galan,
wani can yana ihun bonane
kamar an ce masa za a raba ta.
Tsahiru ya jingina kamara kan kwanon dambu,
ya rugo ya tsuguna gabanmu.
Rabin kansa ne ya fito.

Asuba ta kusa na bi ta Birni zuwa gida.
Duwatsun nan na zaune yadda suka kwana bara,
'yan garuwa sun riga sun kafa layi.
Bai biya ni ba.
Ya dai ce in leƙo shago jibi,
allon ya fara koɗewa,
kuma wayata, ya ji, ba ta riƙe caji.