Kumfar Ma'auni

Shekara ashirin da huɗu ina jera tayil
a bangayen birnin Porto,
shuɗi da fari, har tafin hannuna ya haddace faɗinsu.
Ba wanda ya taɓa cewa, Belmiro, layinka ya karkace.

Sai wata Talata a unguwar Miragaia,
ina kan tsani, na runtse idon hagu in duba jeri,
layin ya lanƙwashe kamar maciji na tsallake hanya.
Na zazzagi Telmo, yaron aikina,
na sa shi ɓamɓare sahu uku.
Ya ɓamɓare, bai ce uffan ba.
Da na ɗora ma'auni a kan abin da ya rage
kumfa ta zauna daram a tsakiya.
Bango ne mai gaskiya.

Likita Graciete Valadão ta juyo mini allonta:
ga jijiyar gani, inda take shiga bayan ido,
ga ɗan rami a gefenta, bai kai ƙwayar riɗi ba.
Da shi aka haife ka, in ji ta,
shekara arba'in da ɗaya yana kwance lamo,
yanzu ruwa ya mai da shi hanya,
yana tsattsafowa ƙarƙashin tantanin gani
yana ɗaga shi daga mazauninsa.

Na ce, tsaya, likita, wannan na san shi.
Danshi ne a bayan tayil.
In ka ƙwanƙwasa sai ka ji amon wofi.
Ta ce, to, bambancin kawai,
nawa bangon ba a ɓamɓare shi a sake.

Ranar tiyata an bar ni a farke.
Ƙofofi uku ta huda, kowace kamar bakin allura,
ta zuƙe ruwan idon mai yauƙi,
ta saɓule wata fata wadda ɓawon albasa ya fi ta kauri,
ta ninke ta, ta toshe ramin da ita.
Ina jin ta tana tambayar ma'aikaciyar jinya
ko ɗanta ya ci jarrabawar tuƙi.
A ƙarshe ta cika idon da iska,
kumfa guda, mai danne tantani
har ya tuna inda yake zama.

Kwana bakwai fuskata a kife.
Idalina tana turo mini miyar kabeji ta ƙarƙashin tebur,
tsuntsayen kogin Douro suna ta tsegumi a kan rufi,
ni kuwa ba abin kallo sai daɓen ɗakin girkinmu,
wanda na jera cikin gaggawa wata Lahadi
don kar in rasa wasan ƙwallo.
Da ido ɗaya na ƙirga kuskure goma sha ɗaya.
Idalina ta ce tun tuni ta san da su.

Sannu a hankali kumfar ta fara ƙanƙancewa.
In na karkata kai ta gudu gefe,
in na miƙe ta dawo.
Ni da na rayu ina riƙe da ma'auni,
ga shi an dasa mini ɗaya a cikin kai.
Wata safiya na farka ta tafi,
ko sallama babu.

Ruwan bai ƙafe da wuri ba.
Wata tara likita tana auna shi a allo,
yana janyewa kamar mai bin bashi da ya gaji.
Har yau akwai ɗan lanƙwasa a tsakiyar duk abin da na kalla,
siriri, kamar gashi a cikin fenti.

Na koma Miragaia da bazara.
Sahu ukun nan Telmo ya mayar da su da kansa.
Na miƙa masa ma'aunin,
na ce, hau tsanin, kai za ka duba,
ni zan dama siminti.